Gwamnan Yukatan da tambayar da aka rubuta mini da jan biro

Takardar ta dawo mini da jimla ɗaya tak a gefen shafin ƙarshe, da jan biro: "To ina suka shiga ranar da aka zo kama shi?" Shafi goma sha takwas na cika a kan Felipe Carrillo Puerto, gwamnan jihar Yukatan ta ƙasar Meziko, amma abin da malamina ya ga dama ya ce ke nan. Raina ya ɓaci ranar, ba zan ɓoye ba.

Kwas ne na kwatanta siyasar ƙasashe, a digiri na biyu da nake yi Asabar da Lahadi, don sauran ranakun ina aikin tafinta a wani shirin tallafa wa manoma. An ce kowa ya zaɓi shugaba ɗaya daga Latin Amurka wanda bai kai ga shugabancin ƙasa ba. Abin da ya ja ni ga wannan mutum shi ne ranar 1 ga Fabrairun 1922, da ya karɓi mulki a birnin Merida, ya yi wa jama'a jawabi da harshen Maya, yaren manoma da leburorin gona, a jihar da Sifaniyanci ne harshen ofis da kotu. Duk wanda ya taɓa tsayawa tsakanin jami'i mai zuba Turanci da tsoho mai fartanya a kafaɗa ya san nauyin wannan. Tun daga nan na kamu da son mutumin, kuma so ne ya rubuta takardar.

An haife shi a 1874 a garin Motul, tsakiyar yankin da ake noman henequen. Wani tsiro ne mai kama da kabar giwa, sai dai ya fi ta girma, ana yanke ganyensa mai ƙaya a fitar da zare a tuƙa igiya. Da wannan igiya injinan girbi a Amurka ke ɗaure damman alkama, don haka kuɗi suka riƙa kwarara ga wasu 'yan tsirarun iyalai masu manyan gonaki. Leburorin kuwa, galibinsu 'yan ƙabilar Maya, bashi ne ya ɗaure su: ka ci bashi a kantin mai gona, ba ka da ikon barin gonar sai ka biya, kuma ba a tsara abin don ka iya biya ba. Carrillo Puerto ya yi aikin amalanke da na jirgin ƙasa, ya sha ɗauri, ya tafi jihar Morelos ya zauna da mayaƙan Emiliano Zapata, jagoran manoma a juyin juya halin Meziko, sannan ya dawo gida zamanin Janar Salvador Alvarado, wanda ya shigo Yukatan a 1915 ya karya wannan bautar ta bashi.

Mulkinsa bai cika shekara biyu ba, amma jerin ayyukan na da tsawo, kuma na jero su kamar maroƙi. Ya raba wa ƙauyuka filaye masu yawa. Ya buɗe ɗaruruwan makarantu. A 1922 aka kafa jami'ar da a yau ake kira Jami'ar Yukatan mai cin gashin kanta. Ya shimfiɗa hanyar zuwa kufan Chichén Itzá, don 'yan Maya su ga abin da kakanninsu suka gina. A zamaninsa mata suka tsaya zaɓe a jihar: Rosa Torre ta shiga majalisar birnin Merida, sannan a 1923 ƙanwarsa Elvia da wasu mata biyu suka ci kujerun majalisar jiha, shekara talatin kafin Meziko ta ba mata cikakken 'yancin zaɓe a 1953. Ƙashin bayan jam'iyyarsa ta gurguzu kuwa ƙungiyoyi ne da ake kira Ligas de Resistencia, kusan kowane gari da tasa, mambobi dubun-dubata, kowa da jan katinsa, ana taruwa ran Litinin a yi karatu da lacca.

Na je ofishin malamin na ce, "Malam, ai sojoji ne suka yi masa tawaye, me talaka zai yi?" Bai ɗaga kai daga takardun da yake dubawa ba. Ya ce, "Kai ka rubuta cewa yana da mutane dubun-dubata. Ni dai tambaya na yi. Koma ka karanta watan Disamba sannu a hankali."

Na koma. A Disambar 1923 Adolfo de la Huerta ya tayar wa gwamnatin Shugaba Álvaro Obregón bore a kan wanda zai gaje shi. Carrillo Puerto yana bayan Obregón da ɗan takararsa Plutarco Elías Calles. Sojojin tarayya da ke Yukatan suka bi 'yan tawaye. Gwamna ya bar Merida a jirgin ƙasa ya nufi gabas, ya kai bakin teku, aka kama shi a tsibirin Holbox. Kotun soja ta yi masa shari'ar je-ka-na-yi-ka, da asubar 3 ga Janairun 1924 aka harbe shi a maƙabartar Merida tare da mutum goma sha biyu, uku daga ciki 'yan uwansa ne na jini. Yana da shekara 49. A tsakanin guduwarsa da harbinsa, babu wani gagarumin yunƙuri da masu jan katin suka yi.

Dalili na farko na gaskiya ne, kuma shi na riƙe da farko: ba su da bindiga, gwamnatin tarayya kuma ba ta yarda ta ba ƙungiyoyin makamai ba. Mai adda ba ya tarar mai bindiga. Dalili na biyu ne na tsallake, alhali yana nan cikin abin da masana tarihin yankin suka rubuta. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin ba manoma ne suka gina su daga ƙasa ba. Masu faɗa-a-ji na ƙauyuka, waɗanda ake kira cacique, su ne suka shigo da mutanensu a dunƙule, gwamna ya bar musu ikon garuruwansu, su kuma su kawo ƙuri'a da sunaye. Da iska ta juya, da yawansu suka yi shiru ko suka sauya sheƙa, sunayen kuma suka bi masu su. Ga kuma batun filayen: akasarin abin da aka raba daji ne da ƙasar da ba a nomawa, gonakin henequen masu kawo kuɗi suna hannun masu su har sai da Shugaba Lázaro Cárdenas ya raba su a 1937. Leburan da ke kwana cikin gonar mai gida bai ga canjin da ɗan ƙauye ya gani ba.

Wannan bai rage mini girman mutumin ba. Jawabin nan na Maya har yau yana burge ni, kuma Meziko ba ta manta shi ba: akwai gari mai sunansa a jihar Quintana Roo, haka ma filin jirgin saman Tulum. Amma na sake babin, na cire rabin yabon, na sa shafi huɗu a kan watan Disamba.

Mako biyu bayan haka aiki ya kai mu wani ƙauye rajistar ƙungiyar manoma. Wani mai faɗa-a-ji ya tare mu da takardu a leda, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga mutanena, an gama komai." Sunaye ne shafi shida, duk rubutun hannu ɗaya, kowane da dangwale. Da can da na karɓa na yi godiya, na rubuta adadin a rahoto. Wannan karon na ce a kira taro bayan la'asar, ba tare da an ambaci taki ko iri ba. Da muka zauna a zaure na leƙa waje na ƙirga takalman da ke bakin ƙofa. Ƙafa goma sha ɗaya ne, har da nawa da na direba. A rahoton na rubuta adadin biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, shugabar sashenmu kuma ta kira ni a waya ta tambaye ni wanne za ta tura sama.