Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙuri'ata ta Rabu da ta Baba

A makon jiya na tsaya ne a inda ɗiyata ta fari ta tattaro kayanta ta dawo gida, bayan ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tsunduma yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022. Mun ɗauka abin na ɗan lokaci ne, tunda yajin gargaɗi na mako huɗu aka ce. Ba a janye ba sai a watan Oktoba. Da farko kullum bayan asuba takan buɗe littattafanta. Da tafiya ta yi nisa ta mayar da su cikin akwati, ta daina ma tambayar ko akwai labari. Wannan shirun nata ya fi komai ci mini rai.

Ni a siyasa bayan Baba nake bi. Tun 1999 yana ƙarƙashin lemar PDP, sai a 2015 ya ɗauki tsintsiyar APC, kuma dalilinsa ɗaya ne tak, tsaro. An sace 'yan matan Chibok a watan Afrilun 2014, garuruwa sun faɗa hannun Boko Haram, ya ce shi ya gama. Duk gidan muka bi shi, a 2019 ma haka.

Da zaɓen 2023 ya ƙarato, na ƙudura cewa ƙuri'ata ta karatun yara ce. Sai dai da na bi diddigin rikicin, na ga ba na jam'iyya ɗaya ba ne. Yarjejeniyar da malaman ke kuka a kanta tun 2009 aka sa mata hannu. An yi dogon yajin aiki a 2013, an sake a 2020, ga kuma na 2022. Mulki ya sauya hannu a tsakani, ɗalibai dai suna gida. Tunda haka ne, na bar duban tuta na koma duban mutum: me ya yi wa makaranta lokacin da yake da iko?

'Yan takarar shugaban ƙasa huɗun da ke kan gaba duk sun taɓa riƙe mulki. Kwankwaso na NNPP, a zamaninsa aka buɗe jami'o'i biyu na jihar Kano, ya kuma tura ɗalibai karatu ƙasashen waje. Peter Obi na Labour ya mayar wa coci-coci makarantunsu a Anambra, ya haɗa musu da kuɗin gyara. Atiku na PDP yana da jami'a a Yola, amma mai zaman kanta ce, 'ya'yan irinmu ba nan suke ba. Tinubu na APC ya yi alkawarin rancen karatu, ni kuwa gabana na faɗuwa da a ce yarinya ta fito da digiri da bashi a wuya. Maigidana shi farashin mai ya dame shi, sai ya tarar uku daga cikinsu duk sun ce za su cire tallafi, ya rasa ta inda zai bambanta su.

Ban so Baba ya ji a bakin wani ba, don haka na je na same shi da kaina. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, bana ƙuri'ata ba za ta bi taka ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Uwata, wa ya zuga ki? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

"Ba wanda ya zuga ni, Baba. Jikarka ce ta yi wata takwas a ɗaki. Kai ma da aka taɓa abin da ya fi damunka, ai ka sauya."

"Wancan rayuka ne, ba karatu ba. Sai da rai ake zuwa makaranta."

Wannan gaskiya ce, kuma har yau ban da ja a kanta. Amma an ɗauke ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, an ɗauke a Jangebe a Fabrairun 2021, duk a cikin makaranta. Na ce masa a wurina tsaro da karatu sun zama abu ɗaya, wanda bai damu da aji ba, ba zai damu da katangarsa ba.

Ya ce to in faɗa masa wanda na tsayar. Na faɗa. Ya ce mutumin ba zai ci ba, ƙuri'ata asara za ta yi. Na ce ko bai ci ba, za a ƙirga ta, a san akwai iyayen da makaranta ce ta fito da su layi.

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi, "amma kada ki ja mini mahaifiyarki."

Ashe tuni Inna ta yanke nata hukuncin ba tare da kowa ya sani ba. Wannan, da wanda na dangwala wa ranar 25 ga Fabrairu a tsakiyar ƙarancin takardun naira, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.