Zoɓo da kanwa a ajin kimiyya

Shekara shida ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a ƙauye, kuma mafi yawan gwajin da ɗalibaina suka sani a kan allo suka gan shi, da alli. Manhajar da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ta tsara ta ce yaro ya gwada da hannunsa, jarrabawar WAEC da NECO ma akwai ɓangaren gwaji. Mu kuwa ko takardar litmos, wadda ke sauya launi idan ta taɓa tsami, ba mu da ita. Abin yana ci mini rai matuƙa.

A hutun da ya wuce na halarci wata bita ta malaman kimiyya, 'yan ƙungiyarsu ta ƙasa mai suna STAN, wadda aka kafa tun 1957. A nan wata dattijuwar malama ta ce mini, "Ɗana, ai ɗakin gwajinka yana madafin gidanku." Ta jiƙa zoɓo, ta raba ruwan kofi biyu. Ta matsa lemun tsami a ɗaya, ja ya ƙara haske. Ta zuba ruwan kanwa a ɗayan, nan take ya rikiɗe ya koma kore-kore. Sinadarin da ke ba zoɓo launi shi ne ke sauyawa idan ya haɗu da tsami ko kishiyarsa.

Ranar Litinin na maimaita shi a aji. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce, "Malam, gobe in kawo ruwan toka mu gani?" Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ta kawo, muka gwada, ya yi kore.