Disambar da aka ɗora mini zaɓen waƙoƙin Kirsimeti

A ƙarshen Nuwamban 2024, mun rufe shago ina cikin goge teburi, uwar ɗakina ta kira ni ta ce bana ni zan haɗa jerin waƙoƙin da za a riƙa sawa har zuwa jajiberin Kirsimeti. Ƙaramin shagon shan kofi ne a Leeds, arewacin Ingila, mai teburi tara, inda nake aikin awa 20 a mako, iya abin da bizar karatu ta yarje wa ɗalibi irina. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini: kada in sa ko ɗaya daga cikin waƙoƙin da ke tashi a sauran kantunan titin. Ta ce kunnenta ya ƙoshi da su, in nemo mata na mawaƙan da ke cin gashin kansu.

Sai wanda ya taɓa aikin kanti a Ingila cikin Disamba zai gane dalilinta. Waƙoƙi 'yan ƙalilan ne ke mamaye watan, kuma duk tsofaffi. Ta mawaƙiyar Amurka Mariah Carey tun 1994 ta fito, amma sai a 2019 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, bayan shekara 25, don kowace shekara masu jin ta ƙaruwa suke yi. Ta ƙungiyar Wham kuwa ta girme ta da shekara goma. Mai sayayya ya ji su minti biyar ya yi gaba abinsa. Wanda ke tsaye bayan kanta shi ne zai sha su safe da yamma, kwana 24 ba hutu.

Irin mawaƙan da take nufi Turawa na ce musu indi, wato waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai, da yanzu uku suka rage: Universal, Sony da Warner. A Ingila harkar ta kankama ne a ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da ƙananan shaguna irin Rough Trade, wanda aka buɗe a Landan a 1976, suka shiga buga faifan matasa da rarraba shi da kansu, har a 1980 aka ware musu nasu jadawalin. Daga baya kalmar ta koma sunan wani salon kiɗa na jita, ko da babban kamfani ne ya fitar. Ni dai ma'anar farko na riƙe, domin ita ce ta yi daidai da shagonmu, wanda shi ma ba reshen kowa ba ne.

Dare huɗu na yi ina zaɓe a ɗakina, da abin saurare a kunne, garin tsit. Na tara waƙoƙi wajen sittin, kowace na ji ta har cikin raina. Ranar farko da muka sa su, da tsakar rana, sai na rasa inda suka shiga. Na'urar kofi na huci, ta niƙa na gurnani, cokula na ƙara, mutum ashirin na hira, waƙoƙin nan masu sanyin murya duk hayaniya ta haɗiye su. In an ƙara sauti, masu hira su ɗaga murya. In an rage, kamar ba a sa komai ba. Abokin aikina ya ce shagon ya koma kamar ɗakin jiran likita, kuma gaskiya ya faɗa.

Nan na fara gane cewa ba a zaɓa wa wuri waƙa daga wani wurin. Washegari na zo da ɗan littafi na ajiye a gefen kanta, duk waƙar da ta tashi ina lura ko ta kai teburin ƙarshe na bakin taga. Waɗanda suka tsira su ne masu ganga mai nauyi a ƙasa, ko ƙararrawa mai kaifi a sama, ko muryoyi da yawa suna amshi tare. Murya ɗaya da jita ɗaya, komai daɗinta, ba ta iya ja da na'urar kofi. Ban zubar da su ba, na dai ɗauke su daga tsakar rana.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya. Wata waƙa mai daɗin kiɗa, da ƙararrawa da komai, ashe a baiti na biyu akwai ashar, kuma ta tashi ne daidai lokacin da wata uwa ke zaune da 'ya'yanta biyu. Matar ba ta ce uffan ba, ta dai ɗago kai ta dubi lasifika. Turanci ba harshen da na tashi da shi a gida ba ne, kuma idan kiɗa ya yi mini daɗi kalmomi kan wuce ni. Daga ranar ban ƙara sa waƙa a jerin ba sai na nemo baitocinta a rubuce na karanta daga farko har ƙarshe.

Karatun baitocin ne ya nuna mini abin da ban zata ba. Kaso mai yawa na waƙoƙin Kirsimeti na waɗannan mawaƙa ba na murna ba ne. Akwai na wanda ya kasa zuwa gida, na iyayen da ke faɗa a gaban yara ranar biki, na kujerar da ta zama ba kowa a kanta bana. Da farko na ɗauke su a matsayin ɓata biki. A Kaduna inda na tashi, Kirsimeti sabon ɗinki ne, da shinkafa da miya da cincin da ake aiken mu mu kai wa maƙwabta Musulmi, su ma su rama da Sallah, da hazon hunturu, da coci cike har waje. Ban san Kirsimeti mai baƙin ciki ba. Na yi niyyar cire su duka.

Wani dattijo ne ya hana ni, ba tare da ya sani ba. Kullum wajen ƙarfe uku yake zuwa, ya karɓi shayi da madara, ya zauna bakin taga da jaridarsa. A Leeds cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, saboda haka a wannan lokacin shagon ya yi sauƙi, fitilun titi sun fara kamawa, kuma can ne na mayar da waƙoƙin masu sanyi. Da a gida ne Baba zan ce masa. A nan sunansa tsagwaro ake kira, abin da har yau bakina bai saba da shi ba. Ran nan ya taso har kanta ya tambaye ni wace ce mai rera waƙar da ta ƙare yanzu.

Ta ƙungiyar Low ce, mata da miji, Mimi Parker da Alan Sparhawk, daga Duluth a jihar Minnesota ta Amurka, gari mai tsananin sanyi a bakin tafki. An san su da kiɗa a hankali, kamar masu gudun tada mai barci. A 1999 suka fitar da ɗan faifan Kirsimeti mai waƙa takwas ta hannun ƙaramin kamfanin Kranky na Chicago. Na gaya masa haka, na kuma gaya masa cewa matar ta rasu a Nuwamban 2022 bayan fama da cutar daji. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce tasa matar ma a Disamba ta rasu, shekara biyu ke nan, kuma tun daga lokacin yake guje wa manyan kantuna a wannan wata, don kowace waƙa umartar sa take ya yi farin ciki. Ya ce wannan ce ta farko da ta ƙyale shi ya zauna yadda yake. Na rubuta masa sunan a bayan rasit, ya ninke ya sa a aljihun kwat.

Na daɗe ina juya maganar nan. Ni da kaina a wannan Disambar ba murna nake ciki ba: karo na farko ke nan da zan yi Kirsimeti nesa da gida, kuɗin jirgi ya fi ƙarfina, kuma ina ta ƙoƙarin cika shagon da annashuwar da ni ma ba ni da ita. Mutanen da ke shigowa su kaɗai ƙarfe uku na yamma a irin wannan wata, da yawansu ba biki ne ya kawo su ba. Ɗumi suke nema, da wurin da ba za a tambaye su komai ba. Sai na raba wunin gida uku: safiya kiɗa mara murya ko mai sauƙi, tsakar rana masu ganga da amshi, daga ƙarfe uku kuma waɗancan da na so zubarwa.

Wanda ya fi cika mini jerin shi ne Sufjan Stevens, ɗan jihar Michigan. Tsakanin 2001 da 2006 yakan naɗi ƙaramin faifan Kirsimeti ya raba wa dangi da abokai a matsayin kyauta, sai a 2006 kamfanin faifai na Asthmatic Kitty ya haɗa biyar ya fitar, waƙa 42. A 2012 ya ƙaro wasu 58, suka cika ɗari. A ciki akwai tsofaffin waƙoƙin coci, akwai nasa na kansa, wasu ana jin muryoyin abokansa ba su gama daidaita ba, kamar mawaƙan cocin unguwa a daren gwaji. Yana yawan kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, kuma tun jin farko kunnena ya tafi wajen gurmi da molo. Ashe ba banza ba: asalin banjo daga kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma ne, waɗanda bayi suka tafi da fasaharsu ƙetaren teku.

A kan waƙoƙin cocin ne muka ɗan saɓa da uwar ɗakina. Ita tana ganin a rage su, tunda masu shigowa akwai Musulmi, akwai mabiya addinin Sikh, akwai da yawa da ba ruwansu da addini. Ni kuma na ce mata bikin haihuwar Almasihu ne, in an kwashe wannan saura dusar ƙanƙara da kyaututtuka, kuma ban taɓa ganin maƙwabtanmu a gida sun ji haushi don an kira biki da sunansa ba. Na tuna mata cewa shahararriyar waƙar cocin nan Silent Night kanta da jita ɗaya aka fara rera ta, a wata ƙaramar coci a Oberndorf ta ƙasar Ostiriya, daren 24 ga Disamban 1818, wani limamin coci ya rubuta, malamin makaranta ya sa mata kiɗa. Muka tsaya a kan ɗaya cikin kowace biyar. Har yanzu ina ganin da ɗaya cikin uku ne da ya fi, amma shagonta ne.

Sai batun haƙƙi, wanda ban taɓa kawowa a raina ba. A Ingila duk shagon da ke sa wa jama'a kiɗa sai ya biya lasisi, wanda tun 2018 hukumomi biyu suka haɗe wuri guda: PRS mai karɓar wa marubuta waƙa, da PPL mai karɓar wa masu rerawa da kamfanonin faifai. Asusun mutum a Spotify, manhajar sauraron waƙa ta intanet, kuma don sauraron kansa ne, ba na kasuwanci ba. Da na bincika yadda kuɗi ke isa ga ƙananan mawaƙa, na tarar daga 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 a Spotify ba, ba a biyan komai a kan naɗinta. Waƙar Kirsimeti ta mawaƙin da ba a sani ba, wadda kasuwarta mako huɗu ce a shekara, tana iya kasa kaiwa. Shi ya sa na roƙi uwar ɗakina mu sayi waɗanda ake samu a Bandcamp, shafin sayar da waƙa a intanet, inda mafi yawan kuɗin ke zuwa hannun mai waƙar ko ƙaramin kamfaninsa. Ta yarda. Abin da muka kashe bai kai cinikin awa ɗaya na ranar Asabar ba.

Mutane suka fara tambayata me zan ba su shawara su sa a gida. Da farko sai in zayyano sunaye goma, in ga idonsu ya raina fata. Daga baya na koma tambayar su tukuna: su wa za su zauna, akwai yara, lokacin girki ne ko bayan an ci an ƙoshi, akwai wanda aka rasa bana? In na ji amsa, in rubuta suna biyu, in ya yi yawa uku. Waɗanda na ba biyu su ne suka riƙa dawowa suna ba ni labari.

Ana saura mako guda na kira Mama ina ba ta labarin aikin. Na yi ta fama in bayyana mata su waye mawaƙa masu cin gashin kansu, ta katse ni.

"Ke 'yar nan, to mu fa? Wane kamfani ne ya taɓa ɗaukar mu?"

Zumuntar mata ta cocinmu take nufi. Shekara da shekaru suna tsara waƙoƙinsu da Hausa, ɗaya ta bayar saura su amsa, da tulu da ganga da caki, ba wanda ya rubuta sunan mai waƙar a ko'ina.

"Mama, don Allah ki naɗo mini ɗaya ranar gwaji. Amma ki fara tambayar uwar zumunta ko ta yarda a sa a shago."

Bayan kwana biyu saƙon ya shigo ta WhatsApp, minti huɗu da 'yan kai, ana jin kukan jariri a baya da ƙarar babur yana wucewa. Uwar zumunta ta ce a sa, Allah ya sa albarka. Uwar ɗakina ta saurara sau biyu, ta ce a aika musu kuɗin faifai guda kamar yadda muka biya sauran.

Ranar jajiberi na sa ta da tsakar rana, shagon cike, layi har ƙofa. Na'urar kofi na huci, amma tulun ya ratsa ta ƙasa, amshin matan ya bi ta sama, na ga kawuna suna ɗagowa har teburin bakin taga. Na tsinci muryar Mama a cikin masu amshi, sai da na juya baya na ɗan tsaya wajen wanke kofuna. Dattijon nan ya zo da wuri ran nan don za mu rufe ƙarfe uku. Da ya zo biya ya tura mini rasit ɗinsa da biro, ya ce in rubuta masa su waye. Na ce masa ba zai same su a intanet ba. Ya ce in rubuta duk da haka. Na rubuta: Zumuntar Mata, Kaduna.