Cek ɗin da ya kwana wata biyu a aljihuna

Bara bayan kaka na sayar wa wani mai injin abincin kaji buhun masara 60. A Giwa na haɗo ta, na sauke masa a wajen Kwangila, a Zariya. Kuɗin ya kama naira miliyan 2 da dubu 400. Ya ce kuɗinsa na hanya, ya rubuta mini cek da kwanan watan sati biyu gaba. Mutum ne da muke sahu ɗaya a masallaci, ban ga abin musu ba.

Ranar ta zo, na je banki a unguwar PZ. Yarinyar da ke kanta ta duba kwamfuta, ta ɗago ta kalle ni irin kallon tausayin nan, sannan ta ce, "Baba, ku koma wa mai asusun." Na kira Alhaji, ya ce in yi haƙuri zuwa Juma'a. Na karɓo takardata ba tare da an buga mata komai ba, don kada in tona masa asiri. Juma'a takwas muka ƙirga a haka.

Ɗan ƙanwata lauya ne, shi ya farkar da ni. Da ya ga kwanan watan sai ya ce, "Kawu, saura kaɗan kunya ta cinye maka hujja." Ya bayyana mini cewa akwai doka tun 1977 a kan cek maras kuɗi: wanda ya karɓi kaya da irinsa, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara, kamfani kuwa tara ce da ba ta gaza naira 5,000 ba (a wancan zamanin kuɗi ne). Amma sai an gabatar da cek ɗin cikin wata uku daga kwanan da ke jikinsa, banki ya mayar da shi saboda rashin kuɗi. In ya wuce wata shida ma banki ba ya karɓarsa. Washegari na shigar da shi, ya dawo da tambarinsa.

Ni a raina ofishin 'yan sanda zan nufa. Yaron ya ce ɗauri daban, kuɗina daban. 'Yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne, kotuna sun sha faɗin haka. In masarata nake bi, ƙarar bashi za mu shigar, kuma cek ɗin nan da sa hannunsa ya kusa zama iƙirari. Akwai hanyar gaggawa da alƙali kan yanke hukunci a kan takardu in wanda ake ƙara ba shi da abin kare kansa. In an ci shari'a ya ƙi biya, kotu na iya umartar bankinsa ya cire daga asusunsa, ko a kama kadara a yi gwanjonta.

Ba mu kai can ba. Takardar lauya ta kwana bakwai aka kai masa, da hoton cek ɗin manne a baya. Kwana uku ya turo limaminmu. Muka zauna a zaure, aka rubuta biya kashi uku, shaidu biyu suka sa hannu. Liman har da jawo mana ayar bashi ta Baƙara, yana kallona ni ma, wai me ya hana mu rubuta tun farko.

Kashin ƙarshe ya shigo ana gobe Babbar Sallah. Ya nemi cek ɗinsa, na ba shi, ya yayyaga shi a gabana ya cusa a aljihu. Muna gaisawa har yanzu, sai dai ya koma sahu na biyu.