Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Renon Shinkafa a Jami'ar Noma da Fasaha ta Tokyo

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan tarihi. Makon jiya mun tsaya ne a kan shigata Jami'ar Noma da Fasaha ta Tokyo, wadda Japanawa ke gajarta sunanta su ce Nokodai. Yau zan jingine labarin kaina gefe guda in kai ku wurin aiki, domin abin da zai biyo baya a wannan tarihi ba zai fahimtu ba sai an san yadda suke renon shinkafa kafin dashe.

Jami'ar ta gwamnatin ƙasa ce, an kafa ta a 1949, amma tushenta ya faro tun 1874 daga wata makarantar horar da manoma da wani ɗakin gwajin tsutsar siliki da gwamnati ta buɗe a Shinjuku. Wannan ya sa har yau mazauninta biyu ne a yammacin Tokyo. Tsangayar noma tana Fuchu, ta injiniya kuma tana Koganei, ita ce wadda ta fara a matsayin tsangayar zare da saƙa kafin a sauya mata suna a 1962. Gonar shinkafar jami'ar tana unguwar Honmachi a Fuchu, a ƙasar kwari ta wajen kogin Tama. Zangon karatu a Japan a watan Afrilu yake farawa, daidai lokacin da ake fito da iri daga ma'aji, don haka sabon ɗalibi da aikin iri yake buɗe ido.

Manomin Japan ba ya watsa iri a fadama ya jira. Kusan duk shinkafarsu a cikin tire ake renonta, sannan injin dashe ya kafa ta. Tiren na roba ne, tsawonsa santimita 60, faɗinsa 30, zurfinsa 3, kuma girman ɗaya ne a duk ƙasar saboda a kansa aka ƙera injin. Inji kuwa ba ya zaɓe. Ramin da yatsansa ya ɗebo babu tsiro, haka zai zauna fayau har girbi. Duk tsananin da za ku gani a nan gaba daga nan ya samo asali.

Matakin farko shi ne tace iri da ruwan gishiri. Ana narka gishiri kilo 2 da 'yar ɗoriya a ruwa lita 10, har nauyin ruwan ya kai 1.13 a ma'auni, wato ninki 1.13 na nauyin ruwa mai daɗi. Wanda ba shi da ma'auni sai ya jefa ɗanyen ƙwai sabo. Idan ya taso, bayansa ya leƙo saman ruwa faɗin tsabar kuɗi, to haɗin ya yi. A zuba shanshera, a motsa da kyau, a kwashe duk abin da ya taso. Wanda ya nutse shi ne ƙosasshe, kuma yawancin ƙwayar da cuta ta taɓa ba ta cika, tana cikin waɗanda suka taso. Shinkafa mai danƙo, wadda suke yin moci, wato curin kirɓaɓɓiyar shinkafa, da ita, ba ta kai nauyin ta cin yau da kullum ba, sai a sassauta mata zuwa 1.08. Nan take a wanke da ruwa mai daɗi. Gishirin da aka bari a jikin iri yana dakushe tsiro.

Sai wankan ruwan zafi, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya natsu. Ana tsoma iri a ruwa mai zafin digiri 60 na tsawon minti 10 cif, a fito da shi, a jefa shi ruwan sanyi ba tare da ɓata ko daƙiƙa ba. Wannan yana kashe mafi yawan cututtukan da ke bin iri, har da 'yar tsutsar da ke sa bakin ganye ya yi fari, ba tare da an zuba maganin ƙwari ko cokali ɗaya ba. Abu uku ke ɓata shi. Na farko ƙarancin ruwa: iri sanyi gare shi, da zarar ya shiga sai zafin ya faɗi, shi ya sa ake ba kilo 10 na iri ruwa kamar lita 200. Na biyu cusa buhu. Ana raba irin a jakunkunan raga, kilo 4 zuwa 5 kowace, a bar ta sakwa-sakwa, a riƙa jijjiga ta a cikin ruwan don zafin ya ratsa har tsakiya. Na uku, wanda ya fi yin ɓarna, shi ne danshi. Irin da ya sha ruwa, zafin digiri 60 dafa shi yake yi. Saboda haka wanda ya fito daga ruwan gishiri, ko dai a tsoma shi cikin sa'a guda, ko a shanya shi ya bushe ƙarau tukuna.

Digiri 60 yana rage cutar da suke kira bakanae, amma ba ya gamawa da ita duka. Wata fumfuna ce da ke sa tsiro ya yi tsawo siriri, ganyensa ɗorawa-ɗorawa, ya zarce 'yan'uwansa sannan ya mutu ba zangarniya. Daga bin diddigin wannan cuta ne wani masani Bajapane, Eiichi Kurosawa, ya gano a 1926 cewa fumfunar na fitar da wani sinadari mai miƙar da shuka, wanda daga baya aka sa wa suna jibaralin. A Nokodai, Farfesa Motoki Kanekatsu da abokan aikinsa sun nuna cewa idan aka ƙara busar da iri har danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100, zai jure digiri 65 na minti 10, kuma wannan ƙarin digiri 5 ɗin yana rage bakanae sosai. A ganina wannan shi ne irin binciken da ya cancanci jami'ar noma.

Bayan wanka sai jiƙo, a ruwa mai sanyin digiri 10 zuwa 15. Lissafinsu mai sauƙi ne: a tara zafin ruwan kowace rana har jimla ta kai 100. Ruwan digiri 10 kwana 10 ke nan, na digiri 15 kuwa kusan mako guda. Dalilin jan lokacin shi ne kowace ƙwaya ta sha ruwa ta ƙoshi ba tare da wata ta riga wata tsirowa ba. Ana sauya ruwan duk bayan kwana 2 ko 3, in ba haka ba sai ya yi tsami iri ya shaƙe. Idan kuma ranar farko ruwan ya yi sanyi ƙasa da digiri 10, tsirowar takan yi gardama ko da an gyara daga baya. Daga nan a ɗaga zafi zuwa digiri 30 ko 32 na kusan kwana guda, har bakin ƙwayar ya kumbura, farin tsiro ya leƙo milimita 1. Ƙirjin tattabara suke kiran wannan mataki. In aka yi sakaci tsiron ya zarce, injin shuka zai kakkarya shi.

Ƙasar tire mai tsami ake so, tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin pH, domin idan lambar ta haura haka, wato tsamin ya ragu, fumfunar da ke ruɓar da saiwa tana samun gindin zama. A shimfiɗa ta kaurin santimita 2, a ba ta ruwa kamar lita 1, a baza iri giram 150 zuwa 180 gwargwadon nauyinsa na busasshe, a rufe da ƙasa har ƙwaya ta ɓace. Ba a ƙara ruwa bayan rufi, don saman yakan daskare tsiro ya kasa huda shi. Ana jera tirorin a ɗakin ɗumi mai digiri 30 zuwa 32 na kwana 2 ko 3. Da zafi ya wuce 32, wata farar fumfuna za ta lulluɓe tiren. Tsiron yana fitowa fari fat, tsawon santimita 1. Kada a fito da shi rana kai tsaye, zai ƙi yin kore. A rufe shi da siririn mayafi a rumfar leda kwana 2 ko 3, sai ya kama launi a yaye.

Sauran kwanakin aikin buɗe rumfa da rufewa ne. Rana guda ta bazara, in aka manta ledar a rufe, ta isa ta ƙone tire ɗari kafin azahar. Ban ruwa da safe ake yi. Na yamma yana sanyaya ƙasa ya raunana saiwa, ruwa mai yawa da ɗumi kuma su sa tsiro ya miƙe ba ƙwari. A kwana 20 zuwa 25 da shuka ana son ganye 2 zuwa 2 da rabi, tsawo santimita 12 zuwa 15, gindi kakkaura. Gwajin ƙarshe da hannu ake yi: a kama gefe guda a ɗaga. Idan saiwoyin sun saƙu, dukan abin zai taso a naɗe shi kamar tabarma, ƙasansa fari tas. In ya ɓarke a hannu, a kan inji ma zai ɓarke. Tire 18 zuwa 20 ke dasa murabba'in mita 1,000, wato kusan tire 200 a hekta. Injin yana tsinko tsiro 3 ko 4 ya kafa a zurfin santimita 2 zuwa 3, a wajajen Tokyo daga Mayu zuwa farkon Yuni.

Ga 'yan'uwa masu noman rani a Kura, Kadawa ko Argungu, tire da inji da jiƙon kwana 10 na ƙasar sanyi ne, kada a kwafe su ido rufe. A ruwanmu mai ɗumi iri zai tsiro tun kafin lissafin ya cika. Ruwan gishiri da wankan zafi su ne abin ɗauka, amma waɗannan alƙaluma a kan gajerar shinkafar Japan aka gwada su, kuma iri ya bambanta wajen nauyi da jure zafi. Mai shuka irin shinkafar FARO 44 ya fara da ƙwaya 100 da ya yi wa wanka da 100 da bai yi wa ba, ya shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma, ya ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako guda kafin ya tsoma buhu.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga fadamar Honmachi mu ga yadda ake kwaɓa ta da daidaita ta, da dalilin da ya sa suke janye ruwa da gangan a tsakiyar damina har ƙasa ta tsage.