Yadda muka kai intanet ƙauyen noma ta zangon talabijin

A karkarar Gadarif ta ƙasar Sudan kusan kowane gida da dish yake kallon talabijin, ta Nilesat ko Arabsat. Shi ya sa zangon da aka ware wa talabijin mai eriya, daga megahaz 470 zuwa 694, yake zaune kusan fayau. An yanka shi gurbi-gurbi, daga na 21 zuwa na 48, kowanne faɗinsa megahaz 8. A cikin waɗannan guraben da ba kowa muka ratsa da intanet zuwa wani ƙauyen manoman riɗi da dawa mai nisan kilomita 10 daga inda layin intanet ya tsaya. Ba mu muka fara ba: Amurka ta amince da wannan hanya tun 2008, kuma a 2013 an haɗa makarantu goma da ita a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu.

Kafin ka sayi ko dunƙulen waya, nemi izini a rubuce daga hukumar sadarwa. Gurbi ko ba kowa a cikinsa, yana da mai shi. A Amurka na'urar watsa intanet ɗin ce da kanta take aika inda take zuwa rumbun bayanai, a faɗa mata gurbin da za ta hau da ƙarfin da ba za ta wuce ba. Mu da hannu muka saita tamu bisa abin da takarda ta ce.

Sai sauraro. Mun haɗa ƴar na'urar RTL-SDR, mai kamo siginar rediyo, da kwamfuta, muka bi zangon tun daga farko har ƙarshe. Da rana gurbin da muka zaɓa tsit yake. Bayan tsakar dare sai layin ya riƙa yankewa, ya dawo da hantsi. Dalili shi ne idan ƙasa ta huce da dare, iska takan yi hawa-hawa ta lanƙwasa siginar wata tasha mai nisa ta kawo ta inda ba ta isowa da rana. Awon yini ɗaya ba ya isa. A yi kwana uku cur, dare da rana, da eriya a tsayin da za a kafa ta. Idan an ga tasha mai aiki, a bar gurbi ɗaya tsakani, kuma idan eriyarta a kwance take, a tsayar da taka.

Inda aka fi ruɗar mutane shi ne maganar wai wannan zango ba ya buƙatar eriya ta hangi ƴar'uwarta. Gaskiya ne yana ratsa dakwara da darbejiya inda Wi-Fi na gigahaz 5.8 yake mutuwa, don tsawon igiyarsa ya haura rabin mita, ta wancan kuwa santimita 5 ce. Amma sigina ba zare ba ce, kumbura take a tsakiyar hanya kamar gora. A kilomita 10, a megahaz 550, kumburin ya kai mita 37 daga tsakiyar layi zuwa ƙasa, kuma ana so kashi 60 cikin ɗari nasa ya kuɓuta daga duk abin da zai tare shi, wato mita 22. Da muka ɗora eriyar ƙauye a bututu mai mita 6, layin ya kama amma da ƙyar hoto yake buɗewa. Da muka ɗaga ta zuwa mita 15, ta wancan gefen tana mita 30 a kan tankin ruwa, sai gudun ya ninka fiye da sau biyu. A ganina kuɗin da za a kashe wajen ƙara ƙarfin rediyo, wato na'urar da ke watsa siginar, gara a zuba shi a tsayin turke.

Turken ma sai an kula. Baƙar ƙasar nan tana dararrashewa da rani har hannu ya shiga tsaga, da damina kuma ta kumbura. Gindin da bai yi zurfi ba karkacewa yake, eriya ta kauce daga saiti. Mun haƙa mita ɗaya da rabi, muka zuba kankare, muka ɗaure da wayoyi uku a hawa biyu, sannan muka binne sandar tagulla saboda tsawa.

Kebul ya ci mana rabin ƙarfi ba mu sani ba. Siririn RG-58 da ke kasuwa yana zubar da kusan rabin sigina a mita 10 kacal. Mafita ita ce a ɗora rediyon can sama kusa da eriya da guntun kebul mai kauri na LMR-400, wuta da bayanai su hau ta kebul ɗin intanet guda, wanda bai kamata ya wuce mita 100 ba. A naɗe kowace mahaɗa da tef mai hana ruwa.

Wayar hannu ba ta jin wannan zango, dole a sa Wi-Fi a ƙarshen layi. Rediyo da Wi-Fi suna cin wat 35, wato wat-awa 840 a yini. Faifan sola mai wat 300 da batir mai bolt 12, amfiya-awa 200 sun riƙe mu, muddin ana share faifan duk bayan habub, wato guguwar ƙura, don ƙura kaɗai ta taɓa kashe mana layi kafin asuba. Gurbi ɗaya ya ba mu megabit 10 zuwa 15, kuma duk ƙauyen ne ke rabawa. Ya ishi saƙon murya, duba farashin riɗi da tura kuɗi, amma mutum biyar suka hau bidiyo sai kowa ya tsaya. Mun ƙayyade wa kowace waya megabit ɗaya, muka ware wa ɗakin shan magani nasa kason daban.