Safar Baba

Sai ƙarfe 11 na dare na iso gida, bayan Yaya ya karɓe ni a asibiti. Ina laluben caja a jaka sai hannuna ya ci karo da safar Baba, mai ruwan tokar nan. Tun daga lokacin barci ya ƙaurace mini.

Kwana uku ina sa masa ita. Ƙafafunsa kamar ƙanƙara, ni kuwa na ɗauka sanyi ne kawai yake ji. Ya daina cin abinci, yana kukan tashin zuciya. Jiya ya kira ni da sunan Inna, har muka yi dariya. Na auna jininsa na ga 92 bisa 76, ban damu ba, domin a shekara shida da ya yi da ciwon raunin zuciyar nan da kyar yake kai 100.

Da asuba numfashi ya tsananta, muka tafi.

Likitar ba ta fara da na'ura ba. Safar ta cire, ta riƙe ƙafarsa, ta haura zuwa gwiwa.

"Malama, tun yaushe ya yi sanyi haka?"

"Kwana uku ke nan, Likita."

"Fitsari fa?"

Na yi shiru ina tunani. Sai a lokacin na lura tun jiya da rana ban ga ya nemi zagayawa ba, alhali yana shan maganin fitar da ruwa.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali. Idan zuciya ta kasa tura isasshen jini, jiki yakan matse jijiyoyin hannu da ƙafa, ya tattala ɗan abin da ya rage domin ƙwaƙwalwa da ita kanta zuciyar. Matsewar nan ce take riƙe awon jini, sai ka ga lamba ba ta faɗi sosai ba, amma ƙoda da hanta da hanji suna can suna yunwar jini. Wanda bugun zuciya ya kama farat ɗaya, kowa yana ganin faɗuwarsa. Irin su Baba kuwa, da zuciyarsu ke fitar da kashi 20 cikin ɗari na jinin da ke cikinta maimakon 50 zuwa sama, jikinsu ya saba da ƙaranci, don haka abin lallaɓowa yake yi. Laktet ɗinsa, wato sinadarin da ke taruwa idan sassan jiki ba sa samun isasshen jini, ya kai 4, bai kamata ya wuce 2 ba.

Na ce a yi masa ƙarin ruwa mana, tunda jini ya sauka. Ta girgiza kai: ba ruwa ya rasa ba, ruwan ma ya cika masa huhu da ƙafa, famfon ne ya gaji. Suka dakatar da kabedilol, maganin zuciyar da ban taɓa bari ya tsallake ko sau ɗaya ba, wai a wannan halin ƙara rage wa zuciya ƙarfi yake yi. Suka ɗaura dobutamin mai ƙara wa zuciya ƙarfi, suka ba shi furosemid mai fitar da ruwa ta jijiya, aka wuce da shi sashen kulawa ta musamman.

A bakin ƙofa na kasa haƙuri.

"Likita, da na kawo shi tun shekaranjiya fa?"

"Da ya fi," ta ce. "Amma wannan ko mu yakan shammace mu."

Ban san wane ɓangaren maganar zan riƙe ba. Na farkon ne ya biyo ni gida.

Yara sun yi barci kafin in dawo. Goggo ta kira sau huɗu, ban iya ɗagawa ba.

Gobe za su zauna da mu kan abin da za a yi idan zuciyar ta ƙi tsayawa da kanta bayan an rage dobutamin. Yanzu Yaya ya turo saƙo: fitsari mililita 40 a awar da ta wuce, nas ta ce sun fi son ya haura 30. Na ce masa ya taɓa mini ƙafar Baba. Ya ce da ɗumi zuwa idon sawu.